Awa Guda Daga Agadas Zuwa Tawa

Har yau in na je ƙauyenmu akwai tsofaffin da ke amsa gaisuwata da rabin baki. Na san dalili, su ma sun san na sani. Ni ce matar da ta tsare ƙofar ɗaki ta hana a fito da gawar uwarta tun daga hantsi har bayan la'asar, a tsakiyar damina, ranar da kowa ya bar gonarsa ciyawa na cin gero. In ana so a ja kunnen yarinya mai taurin kai a gidajenmu, da ni ake misali. To, a yi ta yi. An daɗe ana jin labarin nan daga bakin waɗanda suka wuni a waje kan tabarma, yau ga shi daga bakin wadda ta wuni a cikin ɗakin.

Ƙauyen namu yana bayan Deule, a ƙasar Buza, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye. Gero da dawa muke nomawa tun kakanni. Ni dai lakkwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni daga gona, na zama malamar makaranta a Buza, ina koya wa yara lissafi. Wannan ma yana cikin abin da ake yi mini gori da shi, wai mai koyar da lissafi ce ta kasa lissafa hanyar gidansu.

Mu biyu muka rage wa Inna cikin waɗanda ta haifa, ni ta fari da Auta na ƙarshe, tsakaninmu shekaru masu yawa da ƙananan kaburbura. Baba ya rasu tun Auta bai yi wayo ba. Wanda ya san gidajenmu ya san matsayin ɗiyar fari: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa, ba ta haɗa ido da ita. Inna ta riƙe wannan kunya hannu bibbiyu har ta tsufa. In tana so in miƙo mata ludayi sai ta fuskanci bango ta ce a ce wa waccan ta miƙo ludayi, ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gida. Auta kuwa sunansa ba ya sauka daga bakinta. Ƙarya nake in na ce ban taɓa jin haushi ba. Amma a bayana ya girma, ni na koya masa tafiya, ni na dake shi ranar da ya gudu daga aji, saboda haka haushin bai taɓa kwana biyu a cikina ba.

Da ya girma sai ya zama makaniken injinan ban ruwa, wata ma'aikatar agaji ta ɗauke shi aiki a Agadas. Suna da wani ƙaramin jirgin sama da ke yawo da ma'aikata tsakanin garuruwa, wasu ranaku yana sauka Tawa. Sau ɗaya Auta ya taɓa shigar sa, amma sau ɗayan nan ya ishe mu labari. Ya zauna gaban Inna yana ce mata daga Agadas zuwa Tawa awa guda ce cif, ranar da duk ta neme shi, kafin ta gama dama fura ya iso. Inna ta kai maganar bakin rijiya, daga rijiya ta shiga gari. Babu wanda bai san ɗan gidanmu yana awa guda da mu ba, alhali shekara biyu ke nan bai taka garin ba, kullum sai bayan kaka.

Ciwon Inna ya fara da kumburin ƙafafu. Na kai ta wurin likita a Buza, aka ba da magani, muka dawo. Da aka yi babban hutu sai na tattara na koma ƙauye don jinyarta. Tun ranar farko ta kafa doka, ta bakin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke kwana da mu: kada a tada wa Auta hankali, yana wurin nema. Na bi doka. Waya ba ta kamawa a cikin garinmu, sai an hau wani tudun dutse a arewa inda ake samun rezo, tafiya ce mai ɗan nisa da hawa. Duk Juma'a nakan hau in kira shi. Ya ce yaya jikin Inna, in ce da sauƙi. Haka kowa ke cewa a wurinmu, ko da mai jinyar ya riga ya ga alamun da ba ya so, don ba a yi wa mara lafiya mugun baki. Kwana uku kafin ta cika, ranar da ko kunu ba ta iya haɗiyewa ba, na tsaya kan dutsen nan na ce masa da sauƙi.

Ta cika bayan sallar asuba, gari ya yi haske, kaji sun sauko. Gwaggo ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa. Ban tsaya kuka ba, na ɗauki waya na hau tudu.

Na ce, “Auta, sai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya.”

Can sai ya ce, “Yaya, ba ke kinka ce mini da sauƙi ba?”

Na ji yana magana da wani a gefensa, na ji an buɗe ƙofa an rufe, sannan ya dawo da wata irin murya mai sauri.

“Yaya, yau akwai jirgin Tawa. Ƙarhe tara shika tashi, awa guda ta. Don Allah don Annabi ki jira ni. Kada a ruhe huskarta sai na gani.”

Na ce, “Ina jiran ka. In ka sauka ka biyo ta Keita, ta hi kusa.”

A nan kan dutse na yi lissafina da yatsu. Jirgi ya tashi tara, ya sauka goma. Ya nemi mota, a ce rabin awa. Daga Tawa hanya biyu ce zuwa wajenmu: ko ka zagaya ta Madawa ka sha gudaro, wato titin kwalta, mai tsawo, ko ka yanko ta Keita, gajeriya amma jar ƙasa ce mai ratsa ƙoramu. Ta Keita na saba bi da rani, awa uku da wani abu. Na haɗa, na ƙara masa ɗan rara saboda faci, lissafi ya ba ni azahar. Ban yi kuskuren tarawa ba, ko yau a ba ni allo in sake, azahar zai fito. Hanyar rani na lissafa a cikin damina, jirgin kuma na ɗauke shi tamkar yana da labarin rasuwar Inna.

Da na sauko na tarar Kawu, yayan Inna, ya riga ya zauna a ƙofar gida. Shi ne babba a dangi, maganar sutura a hannunsa take. Na durƙusa na gaya masa saƙon Auta. Ya daɗe yana jan carbi. A wurinmu wanda ya cika da asuba, kafin rana ta take ana dawowa daga kusheyi, ba a jiran kowa. Ɗa yana Legas, ɗa yana Libiya, ya ji labari ya zo ya karɓi gaisuwa, shi ke nan. Amma wannan awa gudar ta rikita Kawu. Ubansa ya yi fatauci zuwa Agadas a kan raƙumi, makonni yake yi a hanya, ga shi yau ana ce masa yaro na nan tafe kafin a juya.

Ya ce, “To, azahar. In an sallame azahar bai zaka ba, mu kai ta.”

Na ce na yarda.

Kawu ya fita ya sanar, sai dai mutane ba su riƙe azahar ba, awa guda suka riƙe. Gwaggo ta leƙa ta dawo tana gaya mini cewa wasu sun fara duban hanya, wani tsoho kuma sama yake ta kallo yana kare ido da tafin hannu. Ko a ranar sai da na kusa yin dariya.

Muka yi mata wanka. Gwaggo ce ke wankewa, ni ina zuba ruwan da aka jiƙa ganyen magarya a ciki. Likkafanin Inna da kanta ta saye shi shekarun baya, ta ninke a ƙasan akwati tare da turare, ta nuna wa Gwaggo wurin. Muka sa mata, muka ɗaure ƙafa da tsakiya, muka bar fuska a buɗe. Samari kuma sun gama haƙa tun hantsi, muna jin su sun dawo suna wanke hannu a bakin randa.

Ɗakin Inna rufin kwano ne. Auta ne ya aiko aka cire azara aka buga mata shi, ta yi ta alfahari. An yi ruwa shekaranjiya, ranar kuwa rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa na fitar da zafi daga ƙasa, kwano na sauko da shi daga sama. Gwaggo ta jiƙa buhunan algarara ta rataya a taga da ƙofa, ta ajiye kwarya cike da ruwa a gefe. Muka zauna, ita a wajen ƙafa, ni a wajen kai, kowa da maficinta.

Ban taɓa kallon fuskar Inna kamar yadda na kalle ta ran nan ba. Shekara arba'in da wani abu ina satar kallon ta ta gefen ido, in ta juyo in sunkuyar da kai, in na juyo ta kau da nata. Ran nan babu mai kau da kai. Na ga ashe tana da wani ɗan tabo a ƙarƙashin girar hagu. Na ga ashe hancina nata ne sak. Zanen da ke kumatunta na ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Fuskar ta kwanta lumui, ciwon duk ya sauka daga kanta, kamar ta gama daka ta ɗan kishingiɗa. Masu cewa don Auta kaɗai na yi abin da na yi ba su san komai ba, ni ma a lokacin haka na ɗauka. Yanzu da na manyanta na san akwai rabona a cikin wannan jiran, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Aka kira azahar, aka sallame. Babu mota, babu babur. Ya kamata a hau tudu a ji inda yake, amma na san in na taka waje zan dawo in tarar an ɗauke ta, ba don mugunta ba, don haka aka yi da ni. Na miƙa wa Gwaggo wayar ta kai wa Kawu. Mutumin nan da gwiwarsa ke ciwo ya ɗauki sanda ya hau da kansa, bai aiki kowa ba. Ya dawo ya ce waya ba ta shiga. Na ce ai yana cikin duwatsun Keita ne inda babu rezo, yanzu za a gan shi. Daga baya na ji gaskiya: a lokacin ma yana sama. Jirgin tara bai tashi ba sai da rana ta karkata, an ce ana jiran sararin sama ya gyaru, Auta kuwa yana zaune a filin jirgi yana kallon sa ta gilashi tun safe.

Can sai na ji an ajiye makara a bakin zaure. Kawu ya yi sallama ya shigo tsakar gida, mata suka dare. Ni kuma na tashi daga wajen kan Inna, na zauna a dokin ƙofa, na miƙe ƙafafuna na tokare ɗaya gefen.

Ya ce, “Tashi, ɗiyata. Azahar munka yi da ke, ga azahar ta wuce.”

Na ce, “Kawu, shina bisa hanya.”

“Kowa bisa hanya shike. Ita ma bisa hanya take, ke kinka tsai da ta.”

Ya ce an gina kushewa tun hantsi tana buɗe. Ya ce mutane sun zo daga ƙauyuka uku sun bar noma, liman ya aiko sau biyu. Ya ce wannan ba al'adarmu ba ce, ba kuma addininmu ba, gawa haƙƙinta a gaggauta ta. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Na ce, “Na sani, Kawu. Duk abin da kac ce gaskiya na. Amma wanda za shi ɗauke ta sai dai shi taka ni.”

Babu namijin da zai tsallaka mace babba tana zaune a ƙofar uwarta, na san haka, da shi na yi amfani. Kawu ya dube ni ya dube ni, ya juya ya fita. Yana fita bakin mata ya buɗe. Wata ta ce lakkwal ce ta lalata ni. Wata ta ce ina aka taɓa ganin ɗiyar fari ta manne wa uwa haka, ai wannan rashin kunya ne, marigayiya da tana gani da ta nutse. Wannan ce ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na ɗago na ce mata kunyar ai na yi ta shekara arba'in ba fashi, yau ina hutu, wadda ta ga ba za ta iya zama ba ga hanya nan. Ba ta tashi ba, amma ba ta ƙara ba.

Ba na gardama da addini, ban yi ba ran nan, ba kuma zan yi ba yau. Kawu ne ke da gaskiya, liman ne ke da gaskiya. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cikin duk masu zaman tabarmar nan babu wanda ya hau tudu ya ce wa yaron nan da sauƙi. Da na gaya masa gaskiya ran Juma'a, da ko a bayan babbar mota ya zo, ya same ta da rai, ta kira sunansa yadda ta saba. Ni na hana shi muryarta. Fuskar ce kaɗai ta rage, ita kuma na yi masa alkawarinta, kuma ban ga wanda zai sa in karya ba matuƙar akwai abin nunawa.

Rana ta ci gaba da dukan kwano. Buhunan suka bushe, Gwaggo ta sake jiƙawa, suka sake bushewa. Ta hura garwashi a kasko tana zuba turare. Mutanen nesa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙarar baburansu suna barin gari, kowace ƙara sai in ɗauka mai shigowa ce. Wata maƙwabciya ta miƙo mini fura, na ce ta mayar. Wajen la'asar iska ta tsaya cak, gabas ta fara haɗa baƙi. Kowa ya san ma'anar wannan: in ruwa ya sauko a kan kabari buɗe, sai an kwashe ko an haƙa wani, a cikin laka.

Bayan sallar la'asar Kawu ya sake hawa tudu, wannan karon ban roƙe shi ba. Ya daɗe. Da ya dawo bai tsaya daga nesa ba, ya matso har bakin ƙofa, ya dafa bango ya tsuguna daidai da ni, yana haki.

Ya ce, “Na same shi. Ya sauka Tawa, ya ɗauki mota, ya wuce Keita. Gulbi ya kawo. Can bisa duwatsu anka yi ruwa, nan inda suke ko ɗigo babu, amma ruwa ya cika hanya baki da baki. Manyan motoci na nan jere. Ya tuɓe shi shiga, mutane sunka riƙe shi.”

Na ce, “Mi yac ce?”

“Ya ce a ƙara mishi kaɗan.” Kawu ya share gumi da bakin rawani. “Ga saƙonai na kawo miki yadda yab ba ni. Ba ni ƙara ce miki tashi.”

Ya miƙe da ƙyar ya fita. Na san ƙoramar da yake nufi. In ta kawo irin wannan, wani lokaci kafin magariba ta janye, wani lokaci sai a kwana a bakinta. Na fara wani sabon lissafin a raina, in ruwa ya janye nan da awa biyu, in direba ya yarda ya taka, in bai kafe ba. Ina cikin haka sai Gwaggo, wadda tun safe ba ta sa mini baki ba, ta ajiye mafici.

Ta ce, “Ɗiyata, juyo ki diba ta.”

Tun da na zauna a dokin ƙofa bayana na ba Inna, idona na kan tsakar gida. Na juyo. Fuskar da na wuni ina tsaro ta fara barin kamanninta. Leɓɓan sun yi duhu, kumatun sun tasa har zanen ya fara bajewa, ɗan tabon nan na gira sai da na nema. Turaren da muke ta zubawa ya daina rufe abin da muke so ya rufe. Inna mace ce mai tsabta har ta kai ga fitina, ba ta fita ko bakin rijiya ba ta shafa mai ba. Na tuna wanda nake tsare wa fuskar, na tambayi kaina ko wannan ce zan nuna masa ya riƙe har ƙarshen ransa.

Na ja jiki na koma wajen kanta. Na ce, “Inna, ki yahe mini, na tsai da ke.” Na ja likkafani na rufe fuskar, na ɗaure da hannuna. Ba Kawu ya sa ni ba, ba hadari ba, ba bakin mata ba, ina so a rubuta wannan a ajiye. Na tashi, ƙafafuna sun mutu sai da na dafa Gwaggo, na fito tsakar gida na ce a gaya wa maza su shigo.

Da sassarfa suka tafi da ita. Sahun da ya yi mata salla bai kai rabin taron safe ba, wannan kam a wuyana yake, na kuma ɗauka. Suna gama rufewa iska ta taso, ruwan ya same su a hanyar dawowa. Sai a lokacin na yi kuka, a cikin ɗakin da babu kowa, kwano na ta ƙara a kaina.

Daga ranar aka raba mini laifi gida biyu. Gari ya ce na jinkirta uwata. Wasu ƴan uwa na birni da suka ji labari ta waya suka ce na yi gaggawa, tunda an riga an jira ai sai a ƙarasa. Masu wayo kuma, irin waɗanda ba a rasawa bayan an gama komai, suka ce da ta Madawa na turo shi da ya iso. Wataƙila. Ni dai abin da ke ƙona mini rai daban ne. Auta bai yi ƙarya ba, awa guda ce daga Agadas zuwa Tawa, ya duba agogonsa a sama ya tabbatar. Amma wannan awa ta masu zama kusa da filin jirgi ce. Mu da muke bayan ƙorama ba a taɓa auna namu nisan ba, kuma duk shekara in damina ta faɗi a bakin ruwan nan ake tsayar da masu naƙuda da marasa lafiya, ba a jin kowa yana yi wa hanyar gorin da ake yi mini.

Auta ya iso washegari da hantsi a bayan babur na kabu-kabu. A bakin ruwa ya kwana, da safe aka tsallaka da shi ruwa iya ƙugu. Wandonsa laka ce har sama, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya babu. Bai tsaya wurin maza ba, ya ratsa su suna yi masa ta'aziyya, ya shigo tsakar gida kai tsaye. Ina zaune a ƙofar ɗakin Inna. Ya dubi ɗakin ta saman kaina, gado a jingine, tabarma a naɗe.

Ya ce, “Yaya, kin ce kina jira na.”

Na ce, “Na jira ka. Awa guda kar roƙa, wuni nib ba ka.”

“Da kin ƙara kaɗan.”

“Ba nawa ba na balle in ƙara. Nata na, kuma ya ƙare.”

Mata suka yi cirko-cirko suna jiran a yi ta. Na shirya masa, ko zagi ne ya zo da shi in karɓa, amma ba zan ce na yi kuskure ba. Sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa gabana, cikin jiƙaƙƙen yashi, ya haɗa kai da gwiwa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, muryarsa ta koma ƙarama.

Ya ce, “Ƙaƙa huskarta take?”

Na ce, “Da sahe tana da kyau ƙwarai.”

Ya zuba mini ido yana jiran sauran. Ban ƙara komai ba. Na ga lokacin da ya gane. Ya cire takalmin nan guda ya ajiye a gefe, ni kuma na janye ƙafafuna daga ƙofar na ba shi hanya.